Ɗiyar Fari da Ludayin Kunu

Idan na tuna shekarar nan, rana ce ke fara zuwa mini kafin yunwa. Wata farar rana mai sa gyangyaɗi, wadda ke kwanciya a kan Tasawa tun hantsi, ta sa komai ya yi nisa, har muryar wanda ke zaune kusa da kai ka ji ta kamar daga bayan gari take fitowa. Damina biyu sun wuce ba a cika rumbu ba. Sojoji ne ke mulki, su ne kuma ke rako manyan motocin da ke kawo jar dawar taimako, su tsaya a kan mutane har a gama rabo. Ni kuwa ina budurwa, ban daɗe da barin lakwal ba, wato makarantar boko, aka ɗauke ni aiki a wata rumfa da aka kafa bayan gidan likita domin yaran da yunwa ta kayar.

Aikina shi ne dama kunu, da auna yara, da rubutu. Rubutun nan shi ya kumbura mini kai. Ina da kaye, wato littafin rubutu, ina da bik, birona, soke a gefen kallabi, ina jin in ba don ni ba rumfar nan da tuni ta faɗi. Shugabarmu wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce, kowa Majo yake ce mata. Gajera ce, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Ta taɓa zuwa wani horo a Yamai inda aka koya musu lura da halin yara, ta dawo da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi ƙwarai: ba ta karɓar abin da kake zato, sai abin da idonka ya gani.

Wata safiya amalanken jaki ya sauke wata mace da yarinya daga wani ƙauye na wajen Attantane. Macen ba ta girme ni da yawa ba. Yarinyar za ta yi shekara uku ko huɗu, ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja ya kwanta. Layi ya yi tsawo ran nan, ina rubutu ina tsaki. Na tambayi sunan yarinyar, macen ta sunkuyar da kai, sai mai amalanken ne ya faɗa daga inda yake tsaye. Na ce, "Ɗiyarki ce?" Ta ja mayafi ta rufe baki, ta dubi wani wuri. Na jira kaɗan, ban ji komai ba, na rubuta cewa ɗiyar riƙo ce, na kira ta gaba.

Mako biyu aka yi ana yi wa yarinyar magani. Kumburin ya saɓe, zazzaɓi ya sauka, zawo ya tsaya. Yaran da suka zo tare da ita har sun fara fisgar ludayi daga hannuna, suna kuka idan kwano ya ƙare. Ita kuwa da zarar ta ga ludayi ya nufo ta sai ta datse baki, ta kau da kai, ta buge shi, ta sandare ta faɗi da baya tana wani siririn kuka marar hawaye. Da ƙyar ake samun ɗan abin da zai shiga cikinta. Duk ranar awo allurar sikeli baya take komawa. Robar da ake zura wa yara ta hanci ta ƙare mana tun tuni. Majo ta duba ta sama da ƙasa, ta ce ita dai ba ta ga sauran ciwo ba, amma in aka ci gaba haka yarinyar nan ba za ta ga damina ba. A gabana ta faɗa, ba ta sassauta murya ba, kuma na ji tsoro.

Sai ta karɓi kayena, ta buɗe sabon shafi, ta ja layi biyu daga sama har ƙasa.

"Ga gida uku," in ji ta. "Na hwarko, mi ya hwaru kahin. Na biyu, mi yarinya ta yi. Na uku, mi ya biyo baya nan take, kahin ki ƙirga uku. Wata za ta ba ta kunu, ke zauna ki duba. Kuma kar ki rubuto mani zuciyar kowa, ba ki gan ta ba."

Na ji kamar an rage mini girma. Ni da nake tsaye a kan tukunya ina ba da umarni, yanzu an zaunar da ni a kan tabarma a gindin itacen bedi ina kallon yarinya tana ƙin kunu. Amma na zauna. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin, sai dai ban san ko haka yake ba ko haka tunani ya gyara mini shi. Inuwar ganye tana yawo a kan shafin. Mata jere a rumfa sun miƙe ƙafafu, kowace da ɗa a cinya, ba mai ƙarfin hira. Can nesa rediyon mai gadi yana kiɗan soja, iska ta kawo shi ta mayar. Wani lokaci sai in ga kamar rumfar duka tana tafiya a hankali bisa rairayi, da mu da tukwanenmu, ba wanda ya damu ya tambayi inda za mu. Sai kukan yarinyar ya dawo da ni, in rubuta.

Da la'asar na kai wa Majo shafin. Ta bi shi da yatsa, ta tsaya a wani layi inda na rubuta cewa yarinya ta buge ludayi da hannun hagu, kunu ya zube a zanen matar. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wala, ga shi nan. Wannan shi ne aiki. Madalla." Daga nan ta gangara ƙasa, inda na rubuta da manyan baƙaƙe cewa matar ba ta damu da yarinyar ba. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Wannan kuma da wane ido kika gan shi?" Washegari na kama kaina ina rubutu da kula, ina farautar madallar nan tata kamar yaro da alewa, ban kuma gane cewa abin da take koya mini a kan yarinyar shi take yi mini ba.

Amma zuciya ta riga hankali. A rana ta biyu, wajen azahar, yarinyar ta haɗiye kunu sau ɗaya, ban san ta yaya ba. Ta haɗiye, ta ɗaga ido ta dubi matar. Matar kuwa tana kallon hanya kamar mai jiran mota. Raina ya ɓaci. Na miƙe, kaye a hannu, na ɗaga murya a gaban matan rumfa duka.

"Ke baiwar Allah, ko ba ke kika haihe ta ba, ai mutum ce! Ki dube ta mana! Ki yi mata wasa, ki kira sunanta! Wane irin riƙo ne wannan?"

Matan rumfa duka suka juyo. Wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Oh ni, ƴar lakwal!" Wasu suka rufe baki suna dariya ƙasa-ƙasa, ni kuwa na ɗauka matar suke yi wa. Ta ja mayafi har goshi. Kafin la'asar ta ɗaure ƴan komatsanta a tsumma, ta gaya wa mai dafa mana abinci cewa gobe kasuwa ce, za ta nemi amalanken garinsu ta koma gida.

Majo ta kira ni ɗakin ajiya, ta tura ƙofa. Ba ta taɓa gyara mini kuskure a gaban mutane ba, ko ran nan da na cancanta. Muka zauna a kan buhunan gari. Ta ce in karanta mata gida na uku kaɗai, daga sama har ƙasa. Na karanta. Ta ɗauke ta. Ta rungume ta. Ta shafa kanta. Ta goya ta, tana jijjigawa. Ta ɗauke ta. Haka yake tafiya layi bayan layi, duk inda yarinyar ta ƙi ci ta faɗi tana kuka. Sai wuri biyu kaɗai da ta haɗiye, nan kuma da hannuna na rubuta cewa ba abin da ya biyo baya, matar tana kallon waje.

"To," in ji Majo, "in ke ce yarinyar nan, wanne za ki zaɓa, kunu ko goyo?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Kuma mai riƙo ba ta kunyar hwaɗin suna, ɗiyata. Mai riƙo ma har nunawa take a gani. Wannan ita ta haihe ta. Ta hwari ce."

Wallahi na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Ni da na tashi a gidan Hausawa, na san sarai uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma amsa cewa nata ne. Na san wannan tun ina goye. Amma na riƙe bik, layi ya yi tsawo, na ga mace ta yi shiru, na cika mata shirun da abin da na ga dama. Matan rumfa duk sun gane tun ranar farko. Ashe ni suke yi wa dariya.

Majo ta ce in je in ba ta haƙuri, sannan in kira ta. Na same ta a bayan rumfa, na durƙusa, na ce, "Yaya, na yi maki laihi, ki yahe mani." Ta ce, "Ba komi." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ɗakin ajiyar ne na fara jin muryarta sosai. Majo ba ta tambaye ta ko ɗiyarta ce ba, cewa ta yi, "Da can wa ke ba ta abinci?" Sai magana ta fito a hankali. Kakar yarinyar ce, uwar mijinta. Tun da aka yaye ta a ɗakin tsohuwar take kwana, a cinyarta take ci, tsohuwar tana tsokanarta tana yi mata kirari a kan kowace loma. Da rani ya tsananta, aka koma cin ganye da ƴaƴan anza masu ɗaci na daji, tsohuwar ta riƙa tura wa jikar rabonta, har ta kwanta ba ta tashi ba. Mijin ya tafi kudu neman abin da za a ci. Aka bar su su biyu a gida cike da matan dangi, kowa da ido.

"In tana kuka," in ji uwar, "ba mai ganin laihina in na ɗauke ta. In tana lahiya lau kuma, da wane ido zan dubi mutane?"

Na zaci Majo za ta ce mata ta ajiye kunya, rai ake magana. Ni da haka zan ce. Ita kuwa ta yi ɗan tunani, ta roƙe ta kwana bakwai, ta ce in ba a ga canji ba ita da kanta za ta nemo mata amalanke. Da safe ta zo da wani tsohon zanenta mai ruwan bula, ta ɗaure gefe ɗaya a reshen bedi, ɗayan a ƙusar katanga. Ya zama ɗan lungu da ba mai ganin ciki. Ta gaya wa matan rumfa cewa yarinyar nan a keɓe za a riƙa ba ta kunu, umarnin likita ne, ba wanda ya ƙara tambaya.

A bayan zanen ta tsara mana aiki dalla-dalla. Ni ce mai ludayi. In ludayi ya taɓa leɓen yarinyar, ko ba ta sha ba, nan take hannun uwar ya sauka a kanta. In ta ƙi ta faɗi, ba mai tashi, ba mai faɗa, ba mai ɗaukarta, uwar tana nan zaune kusa, ludayi yana jira. In an gama kuma, ko an ci ko ba a ci ba, bayan ɗan lokaci uwar ta shiga bayan zanen ta rungumi abarta iya son ranta, don kada yarinyar ta ga sai ta ƙi ci take samun jikin uwa. Majo ta yi mana kashedi cewa abin zai ƙara muni kafin ya gyaru, domin wanda ya saba ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe masa, ran da ba a buɗe ba da ƙarfi zai buga.

Haka kuwa aka yi. Ranar farko yarinyar ta yi kukan da ban san tana da ƙarfinsa ba. Ta sandare, ta yi birgima, tana miƙa hannu wajen uwar. Uwar ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu, hawaye na zuba, ba ta share ba. Ni kuwa ina riƙe da ludayin, kunu yana ɗiga. Na dubi Majo ina roƙonta da ido mu bari. Ta girgiza kai kaɗan, ta matso kusa da kunnena ta ce, "Kina riƙe da shi daidai. Haka nan." Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Kukan ya ragu ya koma shessheka. Yarinyar ta juyo da kai don ta ga ko uwar tana nan, leɓenta ya gogi bakin ludayin, ina jin ma ba da niyya ba. Kafin in ƙifta ido hannun uwar ya fito ya sauka a kanta.

Yarinyar ta tsaya cak. Ta dubi uwar, ta dubi ludayin. Na ga abin yana shiga kanta kamar ruwa a busasshiyar ƙasa.

Daga nan muka riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Ran farko taɓa leɓe ya isa. Washegari sai ta buɗe baki. Bayan nan sai ta haɗiye. Akwai ranar da muka koma baya, na fito ina huci, Majo ta sa na ƙirga layukan shafin shekaranjiya da na yau da bakina, na ga ashe ko a ranar da na kira mummuna ta fi shekaranjiya ci. Wata matsalar kuma ni ce. Uwar tana jin kunyata ni ma, hannunta yakan tsaya a hanya in ina kallo. Dole na koyi ba da kunu fuskata na kallon katanga, ina laluben baki da gefen ido, rabin kunun yana tafiya a haɓa. Majo ta leƙo ta gan ni haka, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ba a koya mata wannan a Yamai ba.

Kwanakin nan su ne suka fi zama mini kamar mafarki. Haske yana ratso zanen, komai a ciki ya koma ruwan bula, da kunun, da hannuna, da ƙafafun yarinyar. Ina kallon katanga, ina ganin inuwarsu a kai, babba da ƙarama, hannu yana tashi yana sauka. Wata rana na ji uwar tana magana can ƙasan maƙoshi, irin kirarin da tsofaffi ke yi wa jikoki, tana yi tana tuntuɓe kamar mai koyon sabon yare. Ban juya ba. Na ji daɗi har na ji ƙwalla, na ci gaba da kallon katanga.

Kwana bakwai suka wuce ba wanda ya yi zancen amalanke. Allurar sikeli ta tsaya, sannan ta fara gaba. Sai ga hadari ya haɗo daga gabas wata la'asar, aka yi ruwan farko, ƙanshin ƙasa ya cika gari, mutane suka fito suna tsayawa a cikinsa kamar ba su san shi ba. Washegari rumfa ta fara watsewa, kowa yana son ya kai gona kafin ƙasa ta sha iska. Uwar ta zo ta durƙusa gaban Majo ta ce ita ma za ta tafi, ba mai shuka musu in ba ita ba. Ba wanda zai ce mata a'a.

Ni kuwa hankalina ya tashi. A ƙauye ba bedi da katanga da zanen Majo. A tsakar gida ake ci, gaban matan dangi. In yarinyar ta haɗiye ta ɗaga ido ta ga uwar tana kallon waje, ai mun koma gidan jiya, kuma can babu mai sikeli. Na faɗa wa Majo haka. Ta ce ita ma abin da ke ranta ke nan, don haka gobe, kafin su tafi, za a kwance zanen, a ci a rumfa cikin mutane, mu ga abin da muke da shi.

Da hantsi aka zauna. Sauran matan da ba su tafi ba suna jere, har da tsohuwar nan mai tafa hannu. Aka ajiye wa yarinyar kwano da ƙaramin ludayi a gabanta, don yanzu da kanta take sha. Uwar ta zauna gefenta, ta miƙe ƙafafu, ta ja mayafi, ta juya fuska wajen hanya kamar ranar da na yi mata tsawa. Na ja layukana biyu.

Yarinyar ta ɗebo kunu, ta kai baki, ta haɗiye. Ta ɗaga ido. Na ƙirga uku a zuci. Hannun uwar bai motsa ba, yana kan cinyarta. Na ce shi ke nan, na ɗora bik zan rubuta cewa ba abin da ya biyo baya. Sai na ga yarinyar ta sake ɗebowa. Ta haɗiye, ta sake.

Majo tana tsaye a bayana. Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Dubi ƙasa."

Na duba. Gefen zanen uwar ya rufe ƙafafunsu su biyu, sai ɗan wuri kaɗan da ya ɗage. A nan na ga babban yatsan ƙafarta a kan ƙafar yarinyar. Duk haɗiya sai ya danna sau ɗaya, ya saki. Ba mu muka koya mata ba. Fuskarta tana wajen hanya, ba ta nuna komai, tsohuwar da ke kusa da ita ma hamma take yi.

"Wannan kar ki rubuta," in ji Majo.

Na ɗauke bik ɗin. Yarinyar ta shanye kunun, ta sa yatsa ta lashe gefen kwanon, ta miƙo mini shi a ƙara mata.